Kore Uku

Mun bar Tamale da la'asar sakaliya,
fasinja sittin da huɗu, da jariri a cinya,
da warin daddawar da wata tsohuwa ta rantse ba tata ba ce.
Kyaftin Darkwa na ba ni labarin gonarsa ta koko
sai ƙararrawa ta yi tari sau ɗaya.
Fitila ruwan ɗorawa.
Allurar da ke tsaye kan dubu uku tun safe
ta soma zurarewa kamar guga a rijiya,
igiya na gudu, babu hannu a kanta.

Jirgi ma yana da jini.
Nasa shunayya ne, yana bin jijiyoyin ƙarfe,
shi ke lanƙwasa fiffike, shi ke miƙe ƙafa, shi ke taka birki.
Yau jijiya guda ta tsage a lungun da ido bai kai ba,
muna zubar da shi a kan tafkin Bolta,
masunta na can ƙasa suna jan komarsu.

"Ni ke tuƙi," in ji shi. "Mutawakilu, karanta."

Na buɗe littafin gaggawa, na ɗora yatsa a layi
yadda Malam Baƙo ya hore ni a Nima:
wanda ya tsallake harafi ya koma farkon allo.
Famfo na ɗaya, a kashe.
Ban taɓa ba sai da ya dubi inda yatsana yake.
"Na gani." Sannan na kashe.
Sauri kan haifi nawa, a sama kuwa
nawar ba ta da wurin zama.

Na kira hasumiya, murya a shimfiɗe kamar tabarma:
Ankara, Ankara, mun ankara da rauni,
ku share mana hanya, ku tada 'yan kwana-kwana.

Esinam ta leƙo. Abu uku muka gaya mata:
abin da ya faru, minti nawa ya rage, me za ta yi.
Ta koma da murmushi tana kwashe kofuna,
tana koya wa kawuna yadda ake sunkuyawa.
Sai daga baya ta ce mini
ta ɓoye hannun hagunta ne don yana rawa.

Mun yi ta kewaya teku muna rage nauyin mai.
Ga kwale-kwalen Teshi, ga hayaƙin kifi.
A juyi na biyu na nemi rufin gidanmu cikin dubun kwano.
Yanzu Inna na kankare tukunyar shinkafa da wake,
kowane jirgi ya wuce sai ta ɗaga kai
ko da ta san ba ranar aikina ba ce.

Babu abin da zai tura ƙafafu sai nauyin kansu.
Na sunkuya na ja mariƙin.
Iska ta yi ruri a ƙarƙashinmu.
Kore ɗaya.
Biyu.
Na ukun ya tsaya shawara
har na kai tsakiyar Fatiha ban san na fara ba.
Uku.

Mun sauka da gudun da ya fi na kullum.
Birki ya zama ruwan randa ranar da famfo ya ɗauke,
ba a wasa da moɗa.
Darkwa ya taka sau ɗaya, ya riƙe, ya riƙe,
fitilun gefen hanya suka gaji da wucewa.

Tsit.
Sai tafi, sai kukan jaririn, sai salati cikin harsuna huɗu.
Jirgin ba ya iya juya hanci,
tarakta ta zo ta ja shi kamar rago mai gardama.
Tsohuwa ta tare Esinam a ƙofa: ina buhunta?

Makanike ya haska toci ya nuna mana wurin.
Tsagar ba ta kai farcen ɗan yatsa ba.
Darkwa ya daɗe yana kallo, ya goge hannu a wando,
ya ce, "Ina muka tsaya? Ƙwari ne suka cinye rabin gonar."

Na isa Nima bayan lisha.
Inna ta ce me ya tsare ni, miya ta huce.
Na ce cunkoso ne a hanya.
Ta dubi rigata da ta manne a bayana,
ta ƙara mini nama ɗaya.