Rufin da Nafi'u Ya Aiko

Bayan la'asar, a zaurena na Birni,
Rakiya ta miƙo mini salula:
"Kaka, ga saƙo daga Palarmo."
Na zaci fuskarsa ce, in ga ko ya rame.
Ashe rufin ɗaki yaron ya aiko.

Ta ja hoton da yatsu biyu, ya buɗe.
Katako ne, rami cikin rami,
kamar saƙar zuma an kife ta bisa kan jama'a.
Gefen taurari, rubutu irin na allo.
Na sa tabarau na bi shi da farce:
albarka, lafiya, ɗaukaka.

Na ce, wane masallaci ne wannan?
Muryarsa ta fito, da kukan motoci a baya:
"Baba, majami'a ce."

Na yi shiru har shayi ya huce.

Wai mai ginin, kakanninsa mutanen ƙanƙara ne.
Masu jera tsakuwar zinariya a bango
Rumawa ne, jirgin ruwa ya kawo su.
Masu rufin kuwa, in ji Nafi'u,
ana jin da alwala suke hawa tsani.

Shekara arba'in da ɗaya ina ɗaurin guga.
Na tanƙwara azara don Buzu mai gishiri,
na yi wa Babarbare zanko huɗu a Zango,
na shafe soron jikan Balaraben Tarabulus da makuba.
Baba Gambo da ya koya mini, Allah ya jiƙan rai,
bai taɓa tambayar mai gida alƙibla ba.
Tambayarsa ɗaya: in an yi ruwa, ina zai bi?

Rakiya, ƙara ja. Can, kusurwar hagu.
Kin ga tauraron nan? Hannunsa ɗaya ya gajarta.
Nan ya gaji.
Ko azahar ta yi, ko wuya ya sage,
ko ya tuno wani yaro da ya bari a ƙetaren ruwa.
Na san wannan kuskure. Akwai irinsa
a zauren Alhaji Nomau, sama da ƙofa,
shekara talatin ba wanda ya gani.

An biya shi cikakke? Wa ya sani.

Danna mini wurin magana.
Nafi'u, gobe ka koma,
ka tsaya ƙarƙashin tauraron hagu
ka ce wani magini a Damagaram yana sannu da aiki.
Sannan ka juya abin nan,
ka aiko mini fuskarka.