Ukku Cikin Bakwai

Daren Aliero warin albasa ne,
yana bin mutum har cikin gidan sauro.
Na ɗora kwamfutar aro kan kifaffen turmi,
cajinta saura sha tara,
aikin Malam Maidamma kuma gobe da safe:
manhajar da za ta tsuke lamba bisa lamba
har inda ba ta ƙara tsukewa.

Misali na ɗauko daga gida.
Buhu tamanin da huɗu fadama ta bayar bana,
talatin da shida na Baba,
sauran na Arzika mai injin ban-ruwa.

Na ce mata: ɗebi ƙarami daga babba
har ya ƙi ɗebuwa, ki riƙe ragowa.
Sha biyu.
Ƙaramin ɗazu ya zama babba, sake ɗiba.
Sifili.
A nan na manta in ce ta tsaya.
Ta duƙufa ɗiban babu daga cikin sha biyu,
fankarta na huci kamar jaki a hawa,
cajina na tsiyaya.

Layi ɗaya na ƙara: in kin ga sifili, dakata,
abin da ke hannunki shi ne mudu.
Ta auna sama da shi, ta auna ƙasa.
Uku bisa bakwai.

Na yi shewa har turmi ya girgiza.
Baba na kan tabarma yana cusa man kaɗe a kaushi,
bai ko ɗago ba.
"Ukku cikin bakwai, Kulu?
Tun ran dashe munka sha hannu a kai.
Abin da kinka hana ma kanki kwana ke nan?"

Can ya nisa. "Amma gyara.
Buhu guda ya ruɓe a rumbu."

Na buga tamanin da uku.
Ta zagaya, ta zagaya, mudu ya sauko har ɗaya,
ta miƙo mini lambobina yadda na ba ta,
ko gefensu ba ta gutsura ba.

"To, wa ka ɗaukar ruɓaɓɓen?" in ji Baba.
'Yar sandar nan tana ƙifta ido a allo.
Caji saura huɗu.
Daga bayan katanga na jiyo tarin Arzika,
ashe shi ma idonsa biyu.