Rediyo a Fadamar Kwalkwalawa

Na rataye rediyo ga reshen bagaruwa,
injin ban ruwa na tari kamar tsoho.
Mai labarai ya ce Rasha na da makami
mai ƙetare teku kafin liman ya idar da raka'a.

Na dubi albasata.
Kwana tara ke nan tana jiran taki.
Buhun da kuɗin akuya ya saya min bara,
bana sai da na kai ɗan maraƙi Kara.

Arzika ya ce shi yana bayan Mosko,
wai ta taka wuyan Turawa, ta rama muna.
Modi ya ce kura ce ta sake riga.
Suka yi ta ja har shayi ya huce,
alhali cikinsu ba wanda ya taɓa wuce Ƙwanni.

Direban Illela ya ce ya ga tutarsu
ɗaure ga babur a hayin iyaka.
Na ce mashi, tuta tana tsiro?
In tana yi, samo min iri.

Da dare Ige ta ce, "Baba, ina ne Yukren?"
Na nuna mata bayan Gwadabawa,
can nesa, inda alkama ke ƙonewa a tsaye.
Shi ya sa burodinki ya rame, ɗiyata.

Da asuba batir ya mutu a tsakiyar barazana,
ban ji wa ya ce zai danna me ba.
Gulbin Rima dai na tafiyarsa.
Na buɗe fangali na gaba,
na saki ruwa.