Yatsu Huɗu

A-kori-kurata, 'Yar Baƙa,
ta fi ɗana na fari shekaru.
Bayanta ya zauna kamar na jakin kanwa,
cikinta na sharar hanya.

Daga Madaci zuwa Haɗeja
tarakta ta bar mana kwari biyu, tudu a tsakani.
Duk na ƙasa-ƙasa sai ya gai da tudun nan.
Na gaishe shi da salansa ran Laraba,
ran Lahadi na gaishe shi da kwanon baƙin mai.
Man ya zana layi yana bina,
kankana sittin suna kallona,
rana tana dafa kaya.

Na je shago neman sababbin ƙarafa.
Yaron ya danna waya, ya juyo mini fuskarta,
na ƙirga sifilin da yatsa, sau biyu,
na ce a gai da mai shago.
Kuɗin riɗi ne a aljihuna, buhu da rabi,
kuma Uwale ta san adadinsu,
ba a yi mata ƙarya.

Haladu bai amsa sallamata ba
sai da ya fito daga ƙarƙashinta, ƙura a gemu.
Ya ce, “Ganyen sifirinka ya gaji, ya miƙe.
A kwance shi, a dake shi ya tuna lanƙwasarsa,
a ƙara ɗaya kowane gefe.
Akwai wata da ta mutu a wajen 'yan gwangwan,
gawa ba ta buƙatar nata.
Amma ka ji: sifirin jiki yake ɗagawa;
tulun nan da ke tsakanin ƙafafun baya,
ba mai ɗaga shi sai taya.”

Na ce yatsu shida.
Ya ce huɗu.
Na ce biyar, don Allah.
Ya ce, “Na biyar ɗin likkafani ne.
Kana so, kai ta gaba.” Ya koma inuwar tsamiya.

Kwana biyu tana zaune bisa gungumen giginya.
Guduma, kananzir, wani noti mai taurin kai
da sai da ya ga wuta ya saki.
Da aka sauke jak, ta miƙe,
sai tiyon birki ya ɗame kamar tsirkiya.

Ba ya cikin lissafi.
Zabin Uwale biyu suka biya dogo,
har yau ba ta daina faɗa wa maƙwabta ba.
Tayoyi na gwanjo, biyu kawai, na baya;
na gaban su jira shinkafa,
su ma sun iya haƙuri kamar mai su.
Na juya makulli, yaran gareji suna dariya.

Na iso tudun. Na riƙe numfashi.
Shiru.
Ciyawa kaɗai ta shafi cikinta.
Na tsaya, na fita, na durƙusa na leƙa,
na koma da baya na sake bi
kamar yaro da sabon takalmi.
Wani mai amalanke ya ɗauka na ɓace hanya.

Sai dai tsawo da harajinsa yake zuwa.
A kwanar gada tana rausaya, dole in lallaɓa.
'Yan dako sun ƙara hamsin kan kowane buhu.
Daren farko ta kwashe mini bakin rumfa,
kara da azara har tsakar gida,
akuya ta kwana tana tsuwa, ni ina jin kunya.

Ran da zan kai Inna awon jini
ta ɗaga ƙafa sau uku, ta sauke.
Ta ce, “Tsalha, ta fi ƙarfin tudu,
ta haɗa har da ni.”
Na koma wa Haladu da guntun ganyen da ya karye,
ya liƙa mini shi matakala, bai karɓi ko sisi ba.

Inna ta taka, ta zauna, ta gyara mayafi,
ta daɗe tana kallo ta saman dawa.
Ta ce, “Ashe daga nan ana hango ruwan fadama?
To, ja mu je, kafin rana ta juya.”