Ta Bakwai Ba Ta Ci Wuta

Asabar, kafin mai koko ta buɗe robarta,
nakan janye tamfol daga bayanta
kamar mai yaye wa majinyaci mayafi.
Ga ta nan, Mustang, tsatsa ta cinye rabin jan fentinta,
tsugune kan bulo huɗu
ƙarƙashin darbejiyar gidanmu a Tudun Jukun.
Kaza ta yi ƙwai sau biyu a kujerar baya.

Kawu Jatau ya sauko da ita daga jirgin ruwa
shekarar da ya gama karatun gona a Amurka.
Ya koro ta daga Ikko har Samaru,
an ce masu rake a Kwangila sun bar ciniki suna kallo.
Yanzu idanunsa sun tafi.
Sai mu aje masa kujera a bakin zaure,
da carbi, da shayi ba madara.

Ɗan'asabe kan zo da akwatin sufana a bayan babur.
Duk mako yana kan Fijo da Golf a Sabon Gari,
a nan kuwa ko sisi ba ya karɓa,
wai a gaban silinda takwas shi ma ɗalibi ne.
Ni da nake koyar da lissafi, ni ne ɗan aike:
miƙo sha uku, riƙe tocila, kar ka taɓa wannan.

Kayanta babu a kasuwa.
A Panteka mai shago ya juya kabireta a tafinsa,
ya ce tun kafin a haife shi aka daina haihuwar irinta.
To, sai dabara.
Lagireto na wata tsohuwar akori-kura,
gasket da almakashin Inna muka yanka,
birkin gaba na zamani, an huda, an goge, an rantse zai zauna.
Noti guda ya ci mana Asabar uku.
Mun jiƙa shi da kananzir, mun gasa shi da wuta,
ya fito tare da fatar yatsuna biyu.

Matata ta ce abin da na zuba a cikinta
ya isa rufin ɗakin baya. Gaskiyarta.
Ruwan Agusta na ɗiga a bokiti, yana ba ta shaida.

Lahadin nan bayan la'asar muka sauke ta kan tayoyinta.
Galan guda ta shanye kamar raƙumi ya samu rijiya.
Na murɗa makulli.
Ta yi tari. Ta yi shiru. Ta sake tari,
sai ƙasa ta ɗauki rawa,
tantabaru suka watse daga rufin maƙwabta,
yara suka fito ba takalma,
Ɗan'asabe ya cilla hularsa sama, ta maƙale a reshe.

Kawu bai murmusa ba.
Ya karkata kai, carbin ya tsaya.
"Kashe," ya ce. "Ta bakwai ba ta ci wuta."
Muka dubi juna, mu masu idanu.
Aka kwance fulogin, aka kai shi haske:
baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf da mai.

Da muka sauya, muryar ta cika
kamar hadarin gabas da ya gama haɗuwa.
Ya miƙa hannu, na ja shi har gefenta.
Ya ɗora tafi kan bonet, ya daɗe.
"Yauwa," ya ce. "Haka na san ta."

Ba mu kai Samaru ba.
A Kwangila fanbel ya tsinke,
'yan acaba biyu suka taya mu turi,
Kawu a kujerar gaba yana dariya,
yana gargaɗinmu kan ramukan da aka cike tun tuni.

Gobe Litinin.
Zan riƙe alli da baƙin mai a ƙarƙashin farce,
in rubuta wa 'yan aji biyu: takwas a cire ɗaya.
Fanbel kuwa, Ɗan'asabe ya ce akwai na injin niƙa
wajen wani mutum a Muciya.
Sai Asabar.