Talatocin Babana a Valparaíso

Babana, Eleodoro Quilodrán,
shekara talatin da ɗaya yana sauke kaya a tashar jiragen ruwa,
bai taɓa sauke abin da ke ransa a gaban kowa ba.
Ciki, in ji shi, ba don abinci kaɗai aka yi shi ba.

Kowace Talata sai ya goge takalmi,
ya gangara matakala ɗari da sha biyu daga tudun unguwarmu,
wai zai je jin farashin kifi.
Ya dawo hannu rabbana,
ba ƙarni a rigarsa,
sai wani wari mai sanyi, na auduga da allura.
Ban tambaya ba.
Mu shiru muka gada, yadda wasu ke gadon fili.

Ba likita ya tona ba, ba maƙwabciya ba,
ko fuskarsa ba ta ci amanarsa ba.
Wayarsa ce, kusa da kofin shayi,
ta yi haske, ta yi ƙara ɗaya:
"Abokin hulɗarmu mai daraja,
muna tare da kai a wannan mawuyacin hali.
Ga rancen jinya cikin sauƙi.
Ga inshorar jana'iza, da rangwame har ƙarshen wata."

Sau uku na karanta.
Shi yana ciki yana aski, yana fito da baki.

Bankin da bai san launin idonsa ba
ya san ƙofar da yake shiga,
da titin, da minti nawa yake zama.
Ya bi sawunsa Talata bakwai,
ya tara, ya ninka, ya fitar da riba.
Ni kuwa, jininsa,
a bakin ɗan talla na ji.

Lauya Ximena Painemal,
ofishinta na saman shagon mai gyaran agogo,
ta buga mana yarjejeniyar, shafi arba'in da biyu,
ta kafa farce a sakin layi na sha tara:
"Nan ya amince."
Ya amince?
Wata safiya ce a kan layi, ya manta tabarau a gida,
yarinya mai fara'a ta ce, danna nan, Baba,
ya danna don ya ga fanshonsa ya shigo.
Lauya ta ce amincewar da ba a gane ba gurguwa ce,
za a iya jan ta zuwa gaban alƙali.
Shekara biyu, ta ce, ko uku.

Likita wata takwas ya ce.

A hanyar dawowa ya tsaya a matakala ta sittin,
teku a bayansa, numfashi na yi masa gardama.
"Amparo, ba mutuwar ce ta ƙona mini rai ba.
Lahadi na so in faɗa miki, bayan mun ci abinci.
Na riga na zaɓi kalmomin,
na jera su kamar kayan da ba a so su fashe.
Su aka sace mini."

Yanzu tare muke sauka ran Talata.
Wayar muna barin ta a gwangwanin biskit,
can saman kabad, ta yi ta gadin gida.
Makon jiya da muka dawo, ga saƙo:
"Ga masu son zaman gida irinka,
rancen sababbin kujeru!"
Ya yi dariya har tari ya ƙwace ta.

Daren nan ya sa tabarau,
ya jawo takardar ƙarar ƙarƙashin fitila.
Shafi huɗu ne kacal.
Yana karantawa a fili, kalma bayan kalma,
yatsa na bin layi,
alƙalami a ajiye.
Ya ce ba zai taɓa shi ba sai ya kai ƙarshe.