Ƙidayar Ƙudaje a Valdivia

Ƙarfe ɗayan dare, ruwan Valdivia bai gaji ba,
kwana tara yana dukan rufin ɗakin gwaji.
Ni da Yasna muka rage a hawa na uku,
mu da kwalabe arba'in masu warin ruɓaɓɓiyar ayaba,
kowace an toshe mata baki da auduga.

A aji ɗaya mun haddace sunan kowane ƙashi.
A aji biyu mun bi sukari cikin ƙwayar halitta,
kibiya bayan kibiya, har allo ya cika ya batse.
Bana aka ce ilimin gado,
sai aka miƙo mana ƙudaje.

Ƙanana, kamar riɗin da ya zube.
Mu sumar da su a kan ƙanƙara,
mu juya su da burushi ƙarƙashin madubin ƙara girma:
wannan baƙi ne, wannan ruwan ƙasa,
wannan fiffikensa ya kai,
wannan nasa dungu, kamar an gutsure.
Mu muka haɗa auren kakanninsu,
yau jikoki muke ƙirgawa.

Littafi ya ce: tara, uku, uku, ɗaya.
Mun ƙirga ɗari shida da sha biyu,
idona na yaji, wuyana ya sage,
lissafi ya ƙi.
Baƙin jiki da dungun fiffike
sun manne kamar hanta da jini,
inda ka ga ɗaya, ɗayan na nan.
Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba.

Yasna ta tura mini magogi, ba ta dube ni ba.
"A rage nan, a ƙara can.
Wa zai tashi ƙudaje su ba da shaida?
Tallafin karatuna a kan wannan makin yake, Baltasar."
Na riƙe fensir har ya yi gumi.

Sai kakata Eduvina ta faɗo mini a rai,
can tsibirin Chiloé, durƙushe a kunyar dankali,
hannunta baƙi ƙirin da ƙasa.
Ba ta taɓa zama a aji ba.
Takan ɗaga shuɗin nan mai zurfin ido ta ce,
"Launin da idon tare suke tafiya, yaro,
tun zamanin uwata ban ga sun rabu ba."

Na mayar wa Yasna magoginta.
Ta yi tsaki, ta kira ni da sunan da ba zan rubuta ba,
sannan ta sa hannu ƙarƙashin nawa.

Da safe Malama Oyarzún ta shigo, laimarta na ɗiga.
Ta jera rahotanni kashi biyu a kan tebur,
tsibi ɗaya ya fi ɗaya tsayi nesa.
Ba ta yi faɗa ba.
Ta ja layi guda a allo, ta ɗiga ɗigo biyu kusa da kusa.
"Maƙwabta ne a kan zare ɗaya," in ji ta,
"shi ya sa gado ke kwashe su tare.
Da gangan na ba ku su.
Masu tara, uku, uku, ɗaya,
ina son ganin ƙudajenku."
Aji ya yi tsit, sai ruwa.

Yasna ta taka mini ƙafa ƙarƙashin benci,
ban san ko godiya ba ce ko sauran fushi.

Da yamma muka juye kwalabe cikin barasa,
haka ƙa'ida take, ba a barin ko ɗaya.
Amma wani mai dungun fiffike ya kuɓuce.
Ba ya iya tashi, da ƙafa yake hawan gilashin taga,
a hankali, wajen hasken kogi.
Na gan shi.
Yasna ma ta gan shi.
Muka ci gaba da wanke kwalabe.